Zanin Gadon da Ya Je Zanga-zanga

A ɗakin wankin asibitin, Bula ake ce mata, saboda shuɗin bula ya kama gefen faratanta tun tana sabuwar ma'aikaciya, ya kuma ƙi fita. Shekara ashirin da shida ke nan tana tsaye a bakin tebur ɗaya, na kusa da taga, tana goge zannuwan gado tana ninkewa. Likitoci sun zo sun tafi, an canja manaja ya fi a ƙirga, injin wanki ɗaya ya mutu an bar gawarsa a lungu ana kife bokitai a kai, ita dai tana nan. Ba ta da yawan magana. Amma in ka ajiye zani a yamutse a gabanta, ko na maƙiyinta ne, ba za ta iya zama ba sai ta ga ya miƙe.

Su goma sha biyu ne a ɗakin. A farkon shekara takarda ta sauko daga sama cewa gwamnati ta tsuke bakin aljihu, za a ba wani kamfani wankin. Mutum huɗu za a riƙe don guga da rabon kaya, sauran takwas a sallame su a ƙarshen wata na tara. Ba a manna sunaye ba tukuna, amma a asibiti sirri ba ya kwana biyu. Kowa ya san Bula tana cikin huɗun. Ba wai ana ƙaunarta ba ne, muryarta ce ba a taɓa ji ba, sannan babbar nas ta sha faɗa cewa ba ta yarda da ninkin kowa ba sai nata.

Ita kuwa Bula, ba tebur ɗin take tsoron rabuwa da shi ba, ƙafafunta ma sun daɗe da gajiya da shi. Katin da ke rataye a wuyanta ne abin. Mijinta tsohon direban bas ne, shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙwaya uku yake sha safe da yamma, da katin ma'aikata kuma take karɓo su a tagar magani. Ranar da katin ya bar wuyanta, ranar ƙwayoyin suka bar gidan. Ta taɓa tambayar farashinsu a kantin magani na bakin titi, sau ɗaya tak, ba ta sake ba.

A cikin takwas ɗin da za a sallama akwai ƙanwar mijinta. A gida Auta ake ce mata, a wurin aiki kuwa Lasifika, kuma duk wanda ya taɓa jin ta kira mutum daga wannan bangon zuwa wancan, injin yana ruri, ba zai tambayi dalili ba. Bula ce ta nemo mata aikin bayan rasuwar mijin Autar. Ranar da sabon manaja ya tara su ya karanta takardar, Lasifika ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko shi ma za a rage shi ya koma kashi ɗaya cikin uku. Tun daga ranar ta san matsayinta.

Ba ɗakin wanki kaɗai wuƙar ta taɓa ba, don haka aka fara fita zanga-zanga duk Talata bayan an tashi daga aiki. Talatar farko, ai sai wanda ya gani. Malaman makaranta, 'yan fansho da sandunansu, masu sharar titi, direbobi, matan kasuwa da aka ninka musu kuɗin rumfa, suka cika titi daga shataletale har ƙofar ma'aikatar kuɗi. Mutane suka koma gida murya a dishe, suna cewa kafin sati an janye takardar. Ba a janye komai ba. Talata ta bi Talata. Aka sha rana, aka sha ruwan sama, aka sha barkonon tsohuwa har sau huɗu. Malamai suka samu wani ɗan alkawari suka zame. Direbobi suka rabu gida biyu a kan wanda zai riƙa magana da yawunsu. 'Yan fansho dai ba su fasa ba, sai dai duk wata ana rasa ɗaya ko biyu, ba kuma don sun gaji ba. Zuwa wata na bakwai abin ya koma kamar zuwa aiki. A je, a tsaya, a faɗi abin da aka faɗa wancan satin, a watse. 'Yan sandan ma sun san su, har wani kofur yakan tambayi Lasifika ya jikin yayanta.

Bula ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba ita ta yanke hakan ba. Tun Talatar farko ta ɗauko takalminta na roba, Lasifika ta tare ƙofa.

"Matar Yaya, ina za ki?"

"Inda za ki."

"Ba inda za ki. Ni an riga an gama da ni, in na yi ihu ba abin da zai ragu. Ke kuwa in aka ga ƙeyarki a wurin, me zai sha?" Ta nuna yayanta da haɓa.

Shi kuma yana jingine da filo, bakinsa a karkace, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito. "Ku tafi duka. Ni zan yi gadin gida."

"Ji shi," in ji Lasifika. "Gadin gida. Ɓarawo ya shigo ka ce masa ya miƙo maka ruwa."

Ya yi dariyarsa ta rabin fuska. Bula ta mayar da takalmin ƙarƙashin gado. Ta ji sanyi a ranta da aka hana ta, ta kuma ji haushin wannan sanyin, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Abin da ta iya bayarwa shi ne ƙyalle. A ƙa'idar ɗakin wanki, zanin gadon da ya tsufa ya yi shara-shara akan soke shi. A yanke kusurwar da ke ɗauke da hatimin asibiti, sauran ya zama tsumman goge ƙasa, ba mai sake tambayarsa. Irin wannan ta kawo gida guda ɗaya. Lasifika ta shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, ta samo ragowar jan fentin ƙofa a wurin maƙwabci, ta tsinka shi da kananzir don ya isa, ta durƙusa ta rubuta: MU SHA BIYU NE, BA HUƊU BA. Ta fara da manyan baƙaƙe, wuri ya ƙure mata, na ƙarshen suka matsu da juna a gefe.

To, a nan halin Bula ya motsa. Kusurwar nan da aka yanke ta tsaya mata a rai, zare yana ta zazzagowa daga wurin. Ta nemi farin ƙyalle ta yi mata faci, ta bi da ɗinki ƙanana-ƙanana, sai ka duba da kyau za ka gane. Duk Talata kuma, in aka dawo da zanin da ƙura da shatin takalma, ta wanke shi, ta goge shi ta baya, ta ninke shi irin ninkinta na asibiti, rubutun a ciki, bakin nan huɗu a daidaice.

"Wa ya taɓa ganin an goge ƙyallen zanga-zanga?" Lasifika takan ce. "Matar Yaya, faɗa za mu, ba biki ba."

"Ko faɗa ne. Ba za a ce matan wanki sun fito da zani kamar an ƙwato shi daga bakin kura ba."

Haka aka yi ta yi har satin da famfon unguwarsu ya ɗauke, kwana tara ba ɗigo. Ɗan ruwan da ake samu na sha ne da na gyara marar lafiya. Zanin kuwa ya dawo daga Talatar da ta wuce ya yi kaca-kaca da taɓo, don an ture wata 'yar fansho ta faɗi da shi a kwata. Bula ta yi ta kallonsa a lungu har Lahadi. Ran Litinin ta cusa shi a jaka ta tafi da shi wurin aiki. Da yamma, da mutane suka ragu, ta wanke shi a baho a bayan ɗaki, ta busar a injin, ta goge, ta ninke, ta ajiye a ƙarshen teburinta da niyyar sakawa a jaka in ta kashe dutsen guga. Sai wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciya ce, wai maigidan ya yi ƙoƙarin zuwa banɗaki shi kaɗai ya faɗi, goshinsa ya fashe. Bula ta zare wayar dutsen guga daga bango, ta suri jakarta ta fita.

Raunin bai yi zurfi ba. Sai da gari ya waye, tana ba shi ƙwayoyinsa, sannan zanin ya faɗo mata a rai. Cokalin da ke hannunta ya faɗi.

Ta isa asibiti kafin kowa, amma ba kafin masu rabon safe ba. Teburinta fes, an kwashe komai an loda a keken tura kaya, an raba ɗakuna. Ta bi sawu. Ta shiga ɗakin maza ta buɗe kabad, zannuwa sun fi hamsin a jere, farare, duk ninki ɗaya, duk aikin hannunta. Ko ita da ta ninke su ba ta iya bambance su. Ta riƙa ɗaga bakin kowanne tana leƙawa. Wata nas ta tambaye ta lafiya, ta ce ƙirga take yi. Ta je ɗakin yara, ta je ɗakin haihuwa, gumi yana bin bayanta. Saura sabon ɓangare, na masu biya, wanda aka yi wa fenti kwanan nan aka sa masa labule. A ƙofarsa mai gadi ya tare ta, ya ce yau manyan baƙi ne daga ma'aikata da mutanen kamfani, ba mai shiga da kayan aiki.

Ta koma teburinta ta kunna dutsen guga, don ba ta san wani abin yi ba. Ba ta gaya wa Lasifika ba. Ta yi ta cewa a ranta wataƙila yana ƙasan wani tari, sai jibi a kai kansa.

Wajen sha ɗaya wata mai shara ta faɗo ɗakin, tsintsiya a hannu, dariya da tsoro suna kokawa a fuskarta.

"Ku ba ku ji ba? Wayyo cikina! Manaja yana nuna wa baƙi ɗaki mai gado ɗaya, yana ta bayani, ya ce wa nas ta shimfiɗa sabon zani su ga irin tsabtarmu. Ta ɗauko, ta kaɗa shi haka, fal! Sai ga jan rubutu daga kai har ƙafa. Wani mai ƙaton ciki har ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi. Mai ɗaukar hoto kuwa bai tsaya tambaya ba."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Wata ta buga bokiti, wata ta rangaɗa guɗa. Wata bakwai suna ɗaga zanin nan a titi ba wanda ya fito ya karanta, yau ga shi ya shiga har gaban manya da ƙafarsa. Lasifika ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta juyo ta ga fuskar Bula. Dariyar ta tsaya.

Ba a jima ba manaja ya shigo, zanin a dunƙule a hannunsa, babbar nas a bayansa. Aka kashe injin. Yaro ne a kan yawancinsu, kuma ba mugu ba ne can-can, irin mutanen nan ne da aka ba su wuƙa aka ce in ba su yanka ba a yanka su. Rigarsa ta jiƙe a hammata. Ya baza zanin a kan teburin Bula, don shi ne mafi kusa.

"Ba zan yi dogon zance ba. Wannan daga ɗakin nan ya fito. Wa ya saka shi a kayan sabon ɓangare?"

Manaja ya bi fuskokinsu da kallo. Ya kamo kusurwar da aka yi wa faci ya ɗaga.

"An soke zanin nan, wani ya mayar masa da kusurwa don ya wuce ba a gane ba. An goge shi, an ninke shi. Wannan shiri ne, ba kuskure ba. Ɗinkin wane ne wannan?"

Babbar nas ta san ɗinkin, ta san ninkin, ta fi kowa sani. Ta ɗaga kai tana kallon fankar da ta daina juyawa tun bara. Matan ma duk sun sani, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Bula ta dubi facin nata. Ta buɗe baki, ita kanta ba ta san me zai fito ba, ko "ni ce" ko "ban sani ba".

"Kai, Manaja, daina wahalar da kanka." Muryar Lasifika ta cika ɗakin. "Ni na rubuta, ni na ɗinke, ni na saka a keke. Wata bakwai muna kiranku a titi kun toshe kunne, na ce bari in aiko muku da wasiƙa har gado. Sun karanta ko? To madalla."

"Ke kika yi wannan ɗinkin?"

"Da ƙafa na yi shi? Ko ka ɗauka baki kawai gare ni?"

Duk ɗakin an san Lasifika ko maɓalli ta ɗinka sai ya karkace. Manaja ya dube ta, ya dubi Bula, ya daɗe yana dubanta. Mai laifi ɗaya ake nema a sama kafin azahar, ga kuma ɗaya ta miƙo kanta, wadda dama za ta tafi. Ya sauke numfashi.

"Shi ke nan. Ba sai ƙarshen wata na tara ba, yau kin gama. Kora ce ta laifi, kin san ma'anarta: babu haƙƙin sallama, babu takardar shaida. Kawo katin."

Lasifika ta ciro katin daga wuyanta. Igiyar ta maƙale a ɗankwalinta, sai da ta yi fama da ita, abin ya rage wa fitar tata armashi. Ta ajiye shi a kan zanin. Shekara goma sha ɗaya ta yi a bakin injin nan, da haƙƙin sallamar kuma take shirin kama 'yar rumfa. Mai gadi ya raka ta, ko kofinta ba a bari ta ɗauka ba.

Bula tana tsaye. Gaskiyar da ba za ta taɓa iya gogewa ba ita ce, lokacin da muryar nan ta tashi, daɗi ta fara ji. Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har gwiwa. Kunya daga baya ta zo, ta tarar daɗin ya riga ta zama.

Manaja ya tattara zanin ya miƙa mata.

"An ce babu tabon da ya taɓa gagarar ki. Tunda an mayar da shi zani, kayan asibiti ne. Ina son in gan shi fari kafin ki tashi, ko ɗigon ja kada in gani." Ya rage murya. "Ranar Juma'a zan aika da sunaye huɗun nan. Ina so in aika da su yadda suke."

Ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda ta saba karɓar komai.

Ba wadda ta ce mata uffan har aka tashi. Ba zagi, ba jaje. Wata dai ta ja tsaki da ta zo wucewa, ba a san ko da manaja take ba. Ƙarfe huɗu suka cire rigunan aiki, suka nemi kwalaye suka yi rubutu da gawayi, suka fita su bakwai. Sauran ukun da suke sa ran suna cikin huɗu suka sulale gida ta ƙofar gaba.

Bula ta fita bayan ɗaki, inda igiyoyin shanya suke, ta tara ruwan zafi a baho. Ta zuba garin sabulu, ta kawo bilic, ta kawo buroshi. Ta san aikinta. A shekarun nan ta fitar da jini, ta fitar da maganin ja da ake shafa wa rauni, ta fitar da abubuwan da ba a faɗa. Amma yau hannunta ya ƙi ta. Ta zuba kananzir a kan baƙin farko ta hau dirza, sai jan ya narke ya bazu, wurin ya koma wani ruwan hoda mai faɗin tafin hannu biyu. Ta ƙara dirzawa, ya ƙara bazuwa. Zanin dama ya tsufa, ta ji zaren yana shirin buɗewa a ƙarƙashin buroshi. Ta saki, ta zauna a kan bokitin da ta kife, bayanta yana zafi, idonta yana yaji da warin kananzir. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Daga nesa, ta bayan katanga, tana jin 'yan muryoyi suna amsa waƙar Talata, iska tana kawowa tana ɗaukewa.

"Haka ake yi? Shekara ashirin da shida, haka aka koya miki?"

Lasifika ce. Ta shigo ta inda katangar ta rushe, bayan tankin ruwa, zaninta duk ƙaiƙayin ciyawa. Idonta ya kumbura, muryar ma ta ragu.

"Auta. Ba ki tafi ba?"

"Na je har shataletale na dawo. Kofina na zo ɗauka da silifas ɗina, ba zan bar musu ko tsinke ba." Ta matso ta leƙa bahon. "Wa ya ce ki dirza ta gaba? Ai tura shi ciki kike yi. Ya ce ki wanke ne?"

"Kafin in tashi."

"In ba haka ba?"

Bula ta taɓa katin da ke wuyanta. Lasifika ta daɗe tana kallon rubutun nata, baƙaƙen da ta durƙusa ta yi har gwiwarta ta yi kanta. Sannan ta ajiye jakarta a kan tanki, ta naɗe hannun riga.

"Tashi ki kawo tsumma, masu yawa. Ni na haɗa fentin nan, rabinsa kananzir ne, ƙarfinsa a ido ne kawai. Kife shi za mu yi, tsumma a ƙasa, mu jiƙa ta baya mu riƙa dannawa, tsumman ya shanye. Ba dirza ba, dannawa."

Bula ta kawo tsumma. Suka kife zanin a kan dakalin siminti, suka durƙusa, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. A jiƙa, a danna, a ɗaga, a canja tsumma. Jan ya fara sauka a hankali, tsumma bayan tsumma. Can bayan katanga aka busa usur, muryoyin suka ɗan tashi, suka sake kwantawa. Lasifika ta ɗaga kai ta saurara.

"Ba su da mai ba da waƙa," ta ce. "Ji yadda suke ja kamar masu zazzaɓi." Ta koma kan aikinta.

Sun kai rabi lokacin da Bula ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Zan je in gaya masa gobe."

"Ki gaya masa me? Ya sani. Ki je ki faɗa, ya kore ki, ni kuma ba zai mayar da ni ba. Mu zauna mu uku a ɗaki muna kallon juna. Danna nan, kin bar wuri."

Bula ta danna. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, ta goge da kafaɗa.

"Auta, da kika yi magana ɗazu, daɗi na ji. Kafin komai, daɗi na fara ji."

"Na sani. Ina kallon fuskarki."

Bula ta jira ta ƙara wani abu, ko zagi ne, ko wasan da ta saba. Lasifika ta canja tsumma, ta jefar da jiƙaƙƙen a gefe.

"Ba don ke na yi ba, don Yaya na yi, kuma ko gobe aka sake zan sake. Amma wallahi ina jin haushinki, Matar Yaya. Ina jin haushin gugar nan taki da facin nan naki, har wuya. Rumfata ce ta tafi a kan kusurwar zani." Ta ja hanci. "Kada ki ce in yafe miki yau. Ba ni da ƙarfinsa."

"Ba zan ce ba."

"Yawwa."

Rana ta sauko bayan tanki kafin su gama. Suka mayar da zanin cikin ruwan zafi da sabulu, suka ɗauraye, suka jiƙa a bilic, suka sake ɗaurayewa har sau uku. Bula ta ɗaga shi ta duba ta hasken da ya rage. In ka san inda rubutun yake, za ka ga wata 'yar inuwa. Manaja ba zai gani ba, musamman in an sa bula an goge. A bayan katanga an yi tsit, sai ƙarar motoci, an watse ke nan.

Hannun Lasifika ya yi jawur har wuyan hannu, fatar yatsunta ta tattare. Ta miƙe da ƙyar, tana dafe da ƙugu, ta kama bakin zanin ɗaya.

"Kama can," ta ce. "Mu matse, in samu in tafi kafin mai gadi ya zagayo."

Bula ta kama ɗaya bakin. Ita ta murɗa dama, Auta ta murɗa hagu, ruwan ya zuba a tsakaninsu ya bi ta kwata.